Faranti ɗaya ko uku a keken hawan dutse: in canza ko in bar nawa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Jos. Na sayi keken hawan dutse na gwanjo mai taya inci 26, faranti uku a gaba, tara a baya, giya 27 ke nan. Da shi nake zuwa aiki, ranar Asabar kuma mu hau duwatsun Shere da abokai. Biyu daga cikinsu kekunansu faranti ɗaya ne a gaba da 12 a baya, kullum suna yi mini tsiya wai nawa tsohon yayi ne. Ni dai na kasa gane yadda giya 12 za ta fi 27, har ma ta fi ta tsada. Abin da ke damuna kawai shi ne sarƙa tana yawan zamewa idan muna gangarowa. In mayar da nawa faranti ɗaya ko in bar shi?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Shawarata ita ce ka bar kekenka da farantansa, ka gyara zamewar sarƙar, wanda aiki ne na kuɗi kaɗan. Ranar da Allah ya hore maka za ka sayi wani keken domin hawan dutse zalla, a nan ka ɗauki mai faranti ɗaya. Abokanka suna da gaskiya a kan kekunansu, amma gaskiyar tasu ba ta kai ka zuba kuɗi a naka ba. Ga dalili.

Mu fara da 27 ɗin nan, domin a nan aka fi ruɗar mutane. Giya lissafi ce mai sauƙi: ka raba haƙoran farantin gaba da haƙoran na baya, abin da ya fito shi ne sau nawa ƙafar baya za ta juya idan ka zagaya feda sau ɗaya. Kekuna irin naka galibi suna zuwa da haƙora 44, 32 da 22 a gaba, kaset, wato jerin farantan da ke ƙafar baya, kuma 11, 13, 15, 17, 20, 23, 26, 30, 34. Duƙa ka ƙirga naka, ko ka duba, sau da yawa an buga lambar a jikin ƙarfen. To, ɗora sarƙa a kan 44 da 34, sannan ka ɗora ta a kan 22 da 17: giya ɗaya ce tak, ba bambancin ko ƙwayar zarra. Haka 44 da 30 daidai yake da 22 da 15, haka 44 da 26 da 22 da 13. Sauran ma da yawa sun yi kusa da juna har ƙafa ba ta jin bambanci. Idan ka tsaya a farantin tsakiya kana da giya tara. Ƙaramin faranti ya ƙara maka uku masu sauƙi waɗanda babu su a tsakiya, babban ya ƙara maka biyu masu nauyi. Giya 14 ke nan na haƙiƙa. Ashe tazarar da ke tsakaninka da abokanka 14 ce da 12.

Abin da mai keke ya kamata ya duba shi ne bakin iyaka biyu: giya mafi sauƙi, wadda za ta hau da shi tudu, da giya mafi nauyi, wadda zai yi gudu da ita a kwalta. A naka, mafi nauyi 44 da 11 ce, wato juyi 4. Mafi sauƙi 22 da 34, wato 0.65. Tsakaninsu ninki 6.2. Kaset mai 12 na kamfanin Shimano yana tashi daga haƙora 10 zuwa 51, ninki 5.1, na kamfanin SRAM kuma 10 zuwa 52, ninki 5.2. Har yau kai ne ka fi su faɗin zaɓi.

Amma dubi inda suke rasawa. A ce abokinka yana da faranti 32 da taya inci 29, wadda take cin kusan mita 2.3 a juyi ɗaya, taka mai inci 26 kuma tana cin mita 2 da 'yan kai. A giyarsa mafi sauƙi, zagayen feda ɗaya yana kai shi kusan mita 1.44, kai kuma 1.34. Ka ɗan fi shi sauƙi a tudu, kaɗan. A giya mafi nauyi, idan kowannenku yana zagaya feda sau 90 a minti, shi zai kai kusan kilomita 40 a awa, kai 45. Wa yake taka feda a gudun kilomita 40 a kan duwatsu? A nan mutum birki yake nema. Wannan shi ne abin da masu ƙera kayan keke suka gano: saman da aka yanke, mai hawan dutse ba ya amfani da shi.

Bari in ɗan ratse saboda masu kekuna masu giya 21 da suka cika kasuwa. Yawancinsu 42, 34, 24 ne a gaba, 14 zuwa 28 a baya. Ninki 3.5 ne kacal, giyarsu mafi sauƙi kuma 0.86. Ga faranti uku reras, amma duk wani keke mai faranti ɗaya da kaset 12 ya fi su faɗi nesa ba kusa ba. Yawan faranti shi kaɗai ba ya gaya maka komai.

Faranti uku ya samo asali ne daga ƙarancin na baya. Lokacin da su Gary Fisher, Joe Breeze da Tom Ritchey suke haɗa kekunan hawan dutse na farko a gundumar Marin ta jihar Kalifoniya a ƙarshen shekarun 1970, faranti biyar ko shida ne a baya, kuma ba su da girma. Stumpjumper da kamfanin Specialized ya fitar a 1981 giya 15 gare shi, uku a gaba, biyar a baya. In kana son hawa tudu ka kuma yi gudu, dole ka nemo faɗin daga gaba. Daga nan na baya ya yi ta ƙaruwa, bakwai, takwas, tara, har a 2009 SRAM ta fitar da tsarin giya mai suna XX, mai biyu a gaba da goma a baya. A 2012 ta kawo XX1, faranti ɗaya da kaset 11 mai haƙora 10 zuwa 42, kuma a shekarar Jaroslav Kulhavý na ƙasar Cek ya ci zinare da shi a gasar Olamfik ta Landan. A 2016 Eagle na SRAM ya fito da 12 a baya, 10 zuwa 50, Nino Schurter na Suwizalan ya ci nasa zinaren da shi a Riyo. Shimano ta yi ta jan ƙafa har 2018 kafin ta fitar da XTR mai 12, kuma ko a lokacin ba ta saki faranti biyu ba: ta bar 38 da 28 tare da kaset 10 zuwa 45, wanda faɗinsa ninki 6.1 ne, kusan daidai da naka. A 2020 tsarin 12 ya sauko zuwa Deore, kayan Shimano mai sauƙin kuɗi, daga nan ya mamaye ko'ina.

Kafin 2012 ma akwai masu cire faranti biyu su bar ɗaya, amma sai sun ɗaura wani ƙarfe mai riƙe sarƙa, in ba haka ba ta faɗi. Abin da ya sauya lamarin abu biyu ne, kuma su ne suka shafi matsalarka kai tsaye.

Na farko haƙoran farantin. Kalli sarƙarka da kyau: gaɓa ɗaya matsattsiya, mai bi mata mai faɗi, haka har ƙarshe. Farantin zamani an yi haƙoransa ɗaya siriri, ɗaya mai kauri, dogaye, kowanne ya cika gurbin da zai shiga, shi ya sa kullum adadinsu irin su 28, 30, 32 ko 34 ne, ba ka ganin 31 ko 33. Sarƙa ta zauna daram, ba ta da wurin yin lilo. Farantan keke mai uku kuwa da gangan aka gajarta wasu haƙoransu, aka yi musu 'yan ƙusoshi da tudu a gefe, domin sarƙa ta iya barin wannan ta hau wancan. An ƙera su ne su saki sarƙa idan an ture ta, kuma dutse ma yana iya ture ta kamar yadda macanjin gaba, wato ƙarfen da ke ture sarƙa daga faranti zuwa faranti, yake yi. Na biyu shi ne kuloci da aka sa a macanjin baya, wanda Shimano ta fara a 2011, SRAM ta biyo a 2012. Yana hana hannun macanjin yin gaba idan keke ya doki rami, sai sarƙa ta zauna a ɗaure, ta daina dukan firam.

A cikin daji kuwa daɗin faranti ɗaya a fili yake. Babban yatsa ɗaya ne ke aiki, sama ko ƙasa, ba ka tunanin a wane faranti kake. Duk wanda ya taɓa shan kwana ya ci karo da tudu ba zato ya san wahalar canza giyar gaba a lokacin. Dalilin shi ne macanjin gaba yana ture sarƙar ne ta sama, ɓangaren da ƙarfin ƙafarka ya miƙe, na baya kuma yana aiki ta ƙasa inda take sake. Shi ya sa na gaba yake ƙara, ya ƙi, ko ya jefar da ita daidai lokacin da ka fi bukata. Da damina taɓo ya taru a kansa, wani lokaci sarƙa ta manne wa haƙora ta naɗe ta cushe tsakanin faranti da firam. Sannan faranti 44 ya fi 32 kusanci da ƙasa da kusan milimita 24, kuma a kan duwatsu wannan ɗan tazarar ita ce tsakanin wucewa lafiya da lanƙwasa haƙori. Hannun hagu da ya huta sai aka ba shi madannin da ke sauke sirdi a gangara. Masu zana firam su ma sun samu fili: taya mai faɗi ta shiga, ƙafar baya ta matso, shakazoban baya kuma aka daidaita shi da girman faranti guda maimakon uku. Saboda haka yawancin sababbin kekuna masu shakazoba gaba da baya ba su ma da wurin ɗaura macanjin gaba. Mai sayen irinsu an riga an yanke masa hukunci.

Maganar rashin nauyi kada ta ɗauke maka hankali. Abin da aka cire a gaba 'yan ɗaruruwan giram ne, kuma kaset 12 mai araha yana kai giram 600, alhali irin naka yana tsakanin 300 da 400. Sai a masu tsada sosai ake ganin ragin a sikeli. Haka ƙorafin da ake yi cewa giyoyin faranti ɗaya suna da tsalle mai nisa: idan aka gwada da naka, an zuzuta shi. Daga 11 zuwa 13 a kaset ɗinka kashi 18 cikin ɗari ne, daga 10 zuwa 12 a nasu kashi 20. Inda ake jin tsallen da gaske shi ne 42 zuwa 52 na SRAM, kusan kashi 24.

Inda faranti ɗaya yake da tsada ta gaske shi ne a irin hawan da kake yi daga Litinin zuwa Juma'a. Mai faranti 32 idan ya hau kwalta, zamansa a kan 10, 12 da 14 ne. Ƙananan nan haƙoransu kaɗan ne, duk nauyin yana kan 'yan haƙoran da sarƙa ta naɗe, ga sarƙar ta karkace zuwa gefe. Suna cinyewa da wuri. Kai kuwa gudun da zai yi a 32 da 12, kana yin kusan irinsa a 44 da 17 idan girman tayarku ɗaya ne, sarƙa a miƙe, nauyi ya rarrabu a kan haƙora masu yawa. Ƙara da ƙurar hunturu: idan ta haɗu da man da ke jikin sarƙa sai ta zama kamar dutsen wasa wuƙa, tana cin ƙarfe a kowane juyi. Duk keken da ke yankinmu yana shan wannan, bambancin shi ne nawa za ka biya idan kayan sun ƙare, kuma a ina za ka same su. Sarƙar giya 7 ko 8 kusan kowane mai gyaran keke yana da ita, ta 9 ma ba ta wuya a wurin masu kayan gwanjo. Ta 12 da kaset ɗinta sau da yawa sai an yi oda daga Legas ko Abuja ko waje, da kuɗin da ke bin dala. Ba wai sarƙar 12 ba ta da ƙarfi ba ne don ta fi siranta, masu kyau daga cikinsu suna daɗewa sosai. Tsarin ne ba ya yafiya. An cusa faranti 12 a fili kaɗan, don haka idan ɗan ƙarfen da macanjin baya ke rataye a jikinsa ya lanƙwashe ko da kaɗan ne, giya ta rikice, alhali naka mai tara zai ci gaba da aiki yana ɗan ƙara. Ga hannun macanjin dogo, yana kusa da ƙasa, kuma a ƙaramar ƙafa irin taka ya fi kusa.

Yanzu a ce ka nace sai ka canza. Tarkon da mutane suka fi faɗawa shi ne su cire babba da ƙarami, su sa faranti 32 na zamani, su bar kaset 11 zuwa 34. Keke ya yi kyan gani, sarƙa ta daina faɗuwa, amma faɗin ya koma ninki 3.1, giya mafi sauƙi ta tashi daga 0.65 zuwa 0.94. A Kano ko Maiduguri, inda ƙasa take shimfiɗe, wannan ya wadatar har da saura. A Shere turawa za ka yi. In kuwa za ka yi shi yadda ya kamata, sai ka sayi kaset, sarƙa, macanjin baya, madanni da faranti, duka a lokaci guda, domin ba sa aiki da tsofaffin. Kaset mai farawa da haƙora 10 ba ya hawa cibiyar ƙafarka, yana bukatar cibiya irin XD ta SRAM ko Micro Spline ta Shimano, wanda sau da yawa yana nufin sabuwar ƙafa. Waɗanda za su hau taka su ne masu farawa da 11, irin Deore mai 11 zuwa 51, ko NX na SRAM mai 11 zuwa 50, ko Advent X na Microshift mai 11 zuwa 48. Da faranti 32 da taya inci 26, gudunka zai tsaya wajen kilomita 32 a awa. Ka kashe kuɗin da zai iya kusantar abin da ka sayi keken, ka fito da faɗin da bai kai na da ba. Ga gwaji kyauta: ka yi mako biyu kana zuwa aiki a farantin tsakiya kaɗai. Idan 32 da 11 ta ishe ka a kwalta, to faranti ɗaya ba zai takura ka ba. Idan hannunka na ta ƙaiƙayin komawa babba, ka samu amsarka.

Sai zamewar sarƙa. Fara da auna ta. Tsakanin ƙusa da ƙusa rabin inci ne a kowace sarƙar keke, don haka idan ka ɗora ruwla a tsakiyar wata ƙusa, alamar inci 12 ta kamata ta faɗa daidai tsakiyar wata. In ta zarce da kashi ɗaya cikin 16 na inci, lokacin canji ya yi. In ta kai ɗaya cikin 8, ta riga ta ci kaset, wataƙila da farantin tsakiya, sabuwar sarƙa za ta riƙa tsalle a kansu. Keken gwanjo kusan kullum da gajiyayyar sarƙa yake zuwa. Sannan tsawonta: a naɗa ta a babban faranti na gaba da babban na baya ba tare da an bi ta cikin macanji ba, a ƙara gaɓa biyu, nan ne wurin yanka. Masu gyara da yawa suna ɗaura sabuwa yadda ta fito daga kwali, ta yi tsawo, ta yi ta lilo. Macanjin gaba kuma ya zauna milimita 1 zuwa 3 a saman haƙoran babban faranti, ya miƙe daidai da shi, a daidaita ƙananan sukurori biyu masu alamar L da H, waɗanda suke hana shi wuce iyaka ciki da waje. A duba ko sifirin macanjin baya ya mutu, da ko wani haƙori ya lanƙwashe.

Sauran kuma dabarar hawa ce. Mutane suna gama hawa tudu a ƙaramin faranti, su juya gangara ba su canza ba, ko ma su danna na baya zuwa ƙanana. Ƙarami da ƙarami shi ne inda sarƙa ta fi sakewa. Kafin ka fara gangarowa ka koma tsakiya ko babban faranti, na baya kuma ka bar shi a tsakiyar kaset, sarƙa ta ɗaure. Wannan kaɗai yana magance mafi yawan faɗuwar. Kada ka sayi macanji mai kuloci na Shimano da niyyar ɗaura shi a naka: nasu sun fara ne daga giya 10, kuma yadda suke jan waya ya bambanta da madannin giya 9.

Idan bayan duk wannan tana faɗuwa, akwai hanyar da masu hawan dutse suka daɗe suna bi kafin zuwan faranti ɗaya, kuma ita na fi so wa keke irin naka. In farantanka da noti huɗu aka ɗaure su, ba like su aka yi ba, a cire 44 a sa zoben kariya a gurbinsa, a maye 32 da 36, a bar 22, a rage tsawon sarƙa, a ɗaure sukurin H yadda macanji ba zai nemi faranti na uku ba. Sarƙa ta gajarta ta ƙara ɗauri, zoben ya tare ta daga waje ya kuma kare haƙora daga dutse, giyar tudunka tana nan yadda take, a kwalta kana kaiwa wajen kilomita 36. Faɗin ya zama kusan ninki 5.1, wato daidai da na abokanka, da kuɗin faranti ɗaya da zobe ɗaya.

Ranar sayen sabon kuwa, ka zaɓi farantin gaba da ƙasar da kake hawa. Da taya inci 29 a duwatsun Filato, 30 ya fi 32 dacewa da yawancin mutane, mai nauyin jiki ko mai ciwon gwiwa ma ya sa 28, babu abin kunya a ciki. Kada kuma ka ɗauka dole sai 12. Tsarin CUES da Shimano ta fitar a 2023 yana zuwa da 9, 10 ko 11 a baya, haƙoransa sun fi kauri, yana hawa cibiyar ƙafa ta gama-gari, kuma kamfanin ya ce kaset ɗinsa yana ninka na da sau uku wajen daɗewa. Sai dai madanninsa da macanjinsa ba sa haɗuwa da tsofaffin kayan Shimano, a tare ake sayensu. Ko wanne ka ɗauka, ka haɗa da sarƙa ta biyu, da gaɓar haɗi mai ɓallewa daidai da yawan giyarka, da ɗan ƙarfen rataye macanji na ajiya. Wannan ƙarfen kusan kowane firam da irin nasa, sai dai in kekenka yana amfani da UDH, ƙarfen rataye na bai-ɗaya wanda SRAM ta kawo a 2019 kuma kamfanoni da yawa suka karɓa. Ka tambayi mai sayarwa tun kafin ka biya.